Ranar da Kwamfuta Ta Biya wa Kawu Kuɗin Watanda

Tun da bidiyon kunyar da kwamfutata ta ba ni ranar rabon naman watanda ya riga ya zaga wayoyinku, gara ku ji yadda abin ya faru daga bakina, domin wanda ya ɗauke shi da gangan ya yanke farkonsa. Kun san tsarin watandar majalisarmu ta Mabera: mutum 36, naira dubu 30 kowa, a sayo sa a Kara, a yanka ranar jajiberen ƙaramar Sallah, wanda bai cika kuɗinsa ba kuma ba zai ɗauki kashi ba. Shekara da shekaru Ma'aji yana riƙe da lissafin a littafinsa mai shuɗin bango ba a taɓa samun saɓani ba, sai ni na tashi na ce zamani ya wuce littafi. Na sa shi ya zuba sunayen a Excel, manhajar jadawalin lissafi, da gurbin da ake sa TRUE ko FALSE, wato gaskiya ko ƙarya, don nuna wanda ya cika, da wani gurbin na sauran kuɗin da ake bin mutum. Ni kuma na rubuta ɗan shafi da JavaScript, harshen rubuta manhaja, wanda zai shafa wa mai biya kore, mai bashi ja. Na gwada shi da sunaye uku da na rubuta da hannuna a cikin manhajar, ya yi aiki. Daren jajibere na fitar da jadawalin a sigar CSV, wato fayil na rubutu zalla, na loda shi a shafin, na kwanta ban duba ba.

Da hantsi an gama fiɗa, mahauta sun shimfiɗa buhuna a ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gidan Liman suna jiran a faɗa musu kashi nawa za su yi, jama'a kuma ga azumi ga zafin Sakkwato, kowa da ledarsa a aljihu. Na ɗora kwamfutar a kan benci, na juya fuskarta wajen mutane domin kowa ya gani da idonsa, har na yi ɗan jawabi cewa na'ura ba ta san sani ko sabo ba. Na danna. Sunaye 36 suka fito, dukkansu kore shar.

Ma'aji ya dube ni, ya dubi jakarsa, ya ce shi dai a saninsa dillali yana binmu kuɗin mutum bakwai. Kafin in buɗe baki Kawu ya miƙe. Kawu, wanda duk unguwa ta san dubu goma ya bayar tun farkon azumi, tun daga ranar kuma ya daina bin layin gidan Ma'aji. Ya matso, ya sa tabarau, ya ɗora yatsa a kan sunansa har ya bar maiƙo a gilashin, ya ce, "Injiniya, mi ta ce nan?" Na ce, "Kawu, akwai ɗan kuskure." Ya ce, "Ba kuskure na tambaye ka ba, kalar na tambaye ka." Na ce kore ce. Ya juya wajen jama'a ya ce, "Awo. Ku shaida, shi da bakinai ya ce ba ta san sani ko sabo ba." Sannan ya sa na sake faɗi da ƙarfi saboda waɗanda ke baya, na kuwa faɗa, domin ba a musu da ƙanin mahaifiya a gaban mutane.

Da na leƙa bayanan, ga FALSE ɓaro-ɓaro a gaban sunansa. Nan take na gane abin da na aikata. Fayil ɗin CSV ba ya ɗauke da komai sai rubutu, saboda haka abin da ya iso wurin manhajar kalma ce mai harafi biyar, ni kuma tambayar da na yi mata ita ce ko abin da ke gurbin gaskiya ne. JavaScript ba ya karanta ma'anar kalma. Abubuwan da yake ɗauka ƙarya ba su kai goma ba, manyansu su ne false ɗin asali, da sifili na lamba, da rubutun da babu ko harafi ɗaya a cikinsa, da null da undefined masu nufin babu komai, da NaN mai nufin ba lamba ba. Duk abin da ba ya cikin wannan ƙaramin gida gaskiya ne. Wato a shari'arsa duk wanda ya buɗe baki ya faɗi gaskiya, ko da kalmar da ya furta ita ce "ƙarya", wanda ya yi shiru ne kaɗai maƙaryaci. A 1995 Brendan Eich ya tsara harshen cikin kwana goma, ni kuma a kan wannan benci na biya kuɗin gaggawarsa.

Da na tsaya nan na ce a ɗauko littafi, da abin ya zo da sauƙi. Amma na ce a ba ni minti biyu. Na sauya sharaɗin, na ce manhajar ta bar wancan gurbi ta dubi na sauran kuɗi: idan akwai saura ta sa ja, idan babu ta sa kore. A raina sifili ai ƙarya ce, kuma shekarun da na yi ina rubuta PHP, wani harshen manhajar, su suka yaudare ni, domin a can ko sifilin da aka rubuta a matsayin rubutu ƙarya ne. A JavaScript kuwa rubutu ne mai harafi ɗaya, ya buɗe baki ke nan. Na sake dannawa, fuskar kwamfutar ta koma ja zur tun daga sama, sunan farko kuwa na Liman ne, mutumin da ya biya kuɗinsa cif tun kafin a ga watan azumi.

Wurin ya yi tsit har ana jin ƙudaje a kan fata. Liman bai ɗaga murya ba, tasbaharsa kawai ya daina ja, ya ce, "Malam ƙarami, nawa ake bina?" Na ce, "Allah gafarta Malam, sifili ne." Ya ce, "To a ina zan samo shi in biya?" Babban mahaucin ya ajiye wuƙa ya zauna a ƙasa don dariya.

Suna ɗaya tak ya rage kore a cikin 36, kuma kun san na wane ne. Taubashina, wanda ko sisi bai bayar ba, shi ya sa Ma'aji bai ma wahalar da kansa ya cike masa gurbin saura ba, ya bar shi fanko, fanko kuma ƙarya ce, wato ba a binsa komai. Mutumin da tun muna firamare bai taɓa mayar da biron da ya ara ba, wanda har yau cajar wayata ke ɗakinsa, shi na'urar ta wanke ta ɗaure Liman. Shi ne kuma yake riƙe da waya yana ɗauka, kuma muryar da kuke ji tana cewa a matso da kyamara wajen sunan mai gaskiya, tasa ce. Ya ce tun da shi kaɗai ya biya, san nasa ne, amma ya yafe mana kayan ciki. Ina so a lura cewa da dare ya zo gidanmu shan ruwa kamar ba abin da ya faru, ya kuma ci ƙosai fiye da kowa.

Ma'aji bai ce uffan ba, ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa ya zaro littafin mai shuɗin bango, wanda ashe bai taɓa daina cikewa ba. Cikin minti biyar aka yi kashi 29.

Bayan Sallah na gyara abin da layi biyu: na farko ya kwatanta rubutun da kalmar TRUE kai tsaye da alamar daidai guda uku, na biyu ya mayar da sauran kuɗin lamba kafin ya tambaya ko ya wuce sifili. Yanzu yana aiki sarai, na tura wa Ma'aji, ya buɗe saƙon bai amsa ba. Kawu kuwa har yanzu ana binsa dubu ashirin, domin daga baya an tausaya an ba shi kashin, kuma duk wanda ya tuna masa sai ya ce a je a tambayi kwamfutar ɗan yayarsa, ta farkon.