Ranar da aka kira ka ofis, wa zai zauna kusa da kai?

Abokan karatuna da ke aiki a gida Najeriya ba su da tambayar da ta wuce albashi: nawa ake biyan likitan gashi (wato likitan fisiyo, mai gasa jiki da motsa gaɓoɓi) a nan Ingila, nawa ke saura bayan haraji da kuɗin haya. Tambaya ce mai kyau, kuma ina amsawa. Amma a ganina babban bambancin da ke tsakanin nan da gida yana wani wuri dabam, wato a kan wanda zai tsaya maka ranar da aka tasa ka gaba a wurin aiki. Kuɗi kam kowa ya san ƙasashen ba ɗaya ba ne, ba abin da za mu iya yi a kai yau. Wannan ɗaya maganar kuwa a hannunmu take.

A takarda, tsarin ƙasashen biyu kusan iri ɗaya ne, kuma ba abin mamaki ba ne tunda Turawan Ingila ne suka kawo mana sana'ar, a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas a 1945. A nan Ingila akwai hukumar HCPC, ita ke riƙe da rajista. In babu sunanka a cikinta, laifi ne ka kira kanka likitan fisiyo, kuma duk bayan shekara biyu sai ka sabunta. Aikinta kare marasa lafiya ne daga gare mu, saboda haka ba uwarka ba ce, ba ubanka ba ce. Sai ƙungiyar CSP, wadda shigarta ganin dama ne, ita ce ta 'yan sana'a. A gida ma haka: hukumar MRTB da dokar soja mai lamba 38 ta 1988 ta kafa ita ke ba da lasisi, ƙungiyar NSP kuma da aka kafa a 1959 ita ce tamu.

Inda hanya ta rabu shi ne CSP hula biyu take sawa. Ƙungiyar ƙwararru ce mai kula da ilimi da martabar sana'a, kuma ƙungiyar ƙwadago ce mai rajista, tana cikin babbar ƙungiyar ƙwadagon Birtaniya ta TUC. Tun asali ma don kare mutunci aka kafa ta. A 1894 wata mujallar likitoci ta fallasa yadda gidajen tausa a Landan suka zama mafakar karuwanci, sai wasu mata huɗu ma'aikatan jinya, cikinsu har da Rosalind Paget, suka ga idan ba su ware kansu da jarrabawa da ƙa'ida ba, za a shafa musu kashin kaji. Suka kafa ƙungiyar ƙwararrun masu tausa, a 1920 ta samu takardar amincewar masarauta, a 1944 ta ɗauki sunan da take amsawa yanzu. Yau 'ya'yanta sun haura 60,000, har da ɗalibai da mataimaka.

Amma ni ba a tarihi na san ƙungiyar ba. A jikin wata mata na san ta.

A asibitin da nake aiki, wakiliyar ƙungiya wata dattijuwa ce da ke sashen masu ciwon huhu. Mu muka zaɓe ta, ba a turo ta daga hedikwata ba, kuma ba ta da wani ofis. Tana duba marasa lafiyarta kamar kowa, sai dai ƙungiya ta horar da ita kan dokar aiki, doka kuma ta tilasta wa asibiti ya ba ta lokaci cikin awannin aiki ta yi wannan hidima. Wani ƙanenmu da bai daɗe da zuwa daga gida ba ya samu wasiƙa cewa ana son ganinsa kan yadda yake rubuta bayanan marasa lafiya. Ya zo mini jiki na rawa, don bizarsa a hannun asibitin take, in aiki ya tafi zama ya tafi. Abin da ya fara ce mini shi ne, “Yaya, wa ka sani a sama?” Na ce ban san kowa ba, amma mu je wurin wance.

Ta karanta wasiƙar a tsaye, ta ce kada ya amsa komai tukuna. Ta rubuta wa shugaban sashe cewa ranar da aka sa ba ta yi mata ba, a ɗaga, kuma a turo musu takardun da ake magana a kai da kundin ƙa'idar asibiti kafin zama. Ranar zaman ta shigo da wani ɗan littafin rubutu da ya sha jiki, ta zauna kusa da shi, ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Tambaya ɗaya ta yi ta maimaitawa: a nuna mata ranar da aka koya masa manhajar rubuta bayanan. Aka duba, ashe ba a taɓa koya masa ba. Maganar ladabtarwa ta koma maganar horarwa. Ba ta ce bai yi kuskure ba, hasali ma bayan an fito ita ta fi kowa yi masa faɗa. Iyakar abin da ta hana shi ne a yanke masa hukunci shi kaɗai a ɗaki. Wannan rakiya kuma ba alfarma ba ce, dokar 1999 ce ta ba kowane ma'aikaci haƙƙin zuwa irin wannan zama da wakilin ƙungiyarsa.

Yanzu mu dawo gida. Ƙaramin ma'aikaci ya samu takardar tuhuma, ko an tsallake shi a ƙarin girma, ko ya gama karatu ya yi wata da watanni yana neman gurbin aikin shekara ɗaya na sanin makama, ina zai nufa? Zai nemi wani babba ya yi masa magana. Idan ya ce bari ya je wurin ƙungiya, sau da yawa sai ya tarar shugaban reshen jiha shi ne shugaban sashensa, ko aminin shugaban sashensa, ko malaminsa na jami'a wanda ba zai iya haɗa ido da shi ba. Ba mugunta ce ta kawo haka ba. Mu 'yan kaɗan ne, kowa ya san kowa, kuma mun taso da girmama na gaba. Sai shugabancin ƙungiya ya zama kamar sarautar Sarkin Aska: ana ba wanda ya fi daɗewa a sana'a, shi ke wakiltar wanzamai a fada, amma yaron da ubangidansa ya cuce shi ba zai kai ƙara wurin ubangidan ba. Irin wannan shugabanci yana da amfaninsa wajen shiga ofishin kwamishina. Ga ƙaramin ma'aikaci kuwa ba ya tsinana komai.

Sai maganar albashi, inda nan ne abin ya fi ci mini rai. NSP ba ƙungiyar ƙwadago ba ce. Mai maganar haƙƙinmu ita ce NUAHP, inda muke tare da masu harhaɗa magunguna da 'yan ɗakin gwaji da masu ɗaukar hoto, ita kuma tana ƙarƙashin gamayyar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya ta JOHESU. Duk wanda yake asibitin tarayya a 2018 ya tuna yajin aikin da aka fara a watan Afrilu aka kai ƙarshen Mayu, kan a gyara tsarin albashi na CONHESS kamar yadda aka gyara wa likitoci nasu na CONMESS a 2014. Bukatar gaskiya ce, kuma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ba ni da ja. Amma cikin wannan taron, yaushe aka taɓa jin abin da ya shafi sashen gashi shi kaɗai ya hau teburi? Injin da ya lalace shekara da shekaru, ɗakin motsa jiki da aka mayar wurin ajiye tarkace, mutum ɗaya ga layin masu shanyewar ɓarin jiki da yara masu lalurar ƙwaƙwalwa tun safe har la'asar. Kuma mara lafiyarmu ba kamar na kowa ba ne. Wanda aka yi wa aikin gwiwa ya yi mako shida ba a motsa ta ba, gaɓar ta riga ta sandare, janye yajin aiki ba zai dawo da ita ba. Sanarwa kawai muke gani a WhatsApp cewa daga tsakar dare an tafi. Ba wanda ya tambaye mu ɗaya bayan ɗaya.

A nan ma an yi yajin aiki. Ranar 26 ga Janairun 2023 'yan CSP a Ingila suka ajiye aiki kan albashi, bayan hauhawar farashi ta haura kashi 11 cikin 100. Kafin ranar, kowa ya samu takardar ƙuri'a ta gidan waya. Dokar lokacin ta ce sai rabin 'yan ƙungiya a wurin aiki sun jefa ƙuri'a kafin yajin ya halatta, saboda haka wasu asibitoci suka fita, wasu ba su kai adadin ba suka ci gaba da aiki. An kuma zauna da shugabannin asibiti an tsara wanda zai tsaya wa masu tsananin ciwon numfashi. Da gwamnati ta kawo tayin ƙarin kashi 5 cikin 100 da wani kuɗi na lokaci ɗaya, aka sake dawo mana da maganar. 'Yan CSP suka karɓa, ƙungiyar ma'aikatan jinya ta RCN ta ƙi. Ni ban ga tayin ya kai ba, amma an tambaye ni, an ƙirga tawa, aka rinjaye ni.

Kada wani ya ɗauka aljanna nake ba da labari. Saman ƙungiyar yana da nasa ciwon. Majalisar mutum 12 ce ke jan ragama tun gyaran da aka yi a 2018, wanda ya rage yawan kujeru sosai. 'Yan ƙungiya ke zaɓensu, su kuma su sa ido kan babban jami'in gudanarwa da ma'aikatan da ake biya albashi. Ƙaramar majalisa ta fi saurin yanke shawara, amma ta fi nisa da mutumin da ke ɗakin marasa lafiya. Akwai kuma taron wakilai na shekara, inda ake kawo ƙudurori a yi muhawara a kaɗa ƙuri'a, sai dai abin da aka zartar shawara ce kawai ga majalisa, ba umarni ba. Za ka ga an yi zazzafar muhawara, an tafa, bayan watanni a fito da amsa mai laushi wadda an yi ba a yi ba. Zaɓen majalisar kuwa, a sashenmu in ka tambayi mutum goma wa suka zaɓa, yawanci za su ce ba su ma buɗe saƙon ba. Da yawa don inshorar kariya daga ƙarar marasa lafiya kawai suke biyan kuɗin wata.

Mu baƙi mun fi kowa wannan hali. 'Yan Najeriya da 'yan Indiya mun cika sassa da dama, muna biyan kuɗin ƙungiya ba fashi, amma da wuya ka ga ɗayanmu ya tsaya takarar wakilci. Mun zo da tsoron kada a ce mun cika surutu. Sai mu taru a ɗakin shan shayi mu yi ta ƙorafin an hana mu hawa mataki na gaba, alhali kujerar da ake faɗin wannan magana a ji tana nan ba kowa a kanta.

Duk da haka, akwai abin da ƙungiya mai ma'aikatan dindindin take iyawa wanda shugabannin sa-kai ba za su iya ba, wato bin magana ɗaya shekara ashirin ba gajiya. A 1977 gwamnati ta amince cewa likitan fisiyo shi ke yanke irin maganin da zai yi wa mara lafiyarsa. A 2013 Ingila ta ba waɗanda suka yi ƙarin horo ikon rubuta magani da kansu. Daga Yulin 2022 muna iya sa hannu a takardar hutun rashin lafiya. Yanzu a asibitocin unguwa da yawa, mai ciwon baya mu yake fara gani kafin likita. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da yajin aiki ya kawo. Takardu ne da hujjoji da zirga-zirga a ma'aikatar lafiya. A gida shugabanninmu mutane ne masu cikakken aiki a asibiti ko jami'a, suna hidimar ƙungiya da daddare, wani lokaci da kuɗin aljihunsu. Wa'adi ya ƙare, sababbi su zo su fara daga farko, fayil ɗin ma a motar tsohon sakatare yake. Ga shi kuma ƙungiya ta biyu, ACAPN, ta fito, 'yan sana'ar da ba su taka kara sun karya ba suna magana da baki biyu.

Mu 'yan Arewa abin ya fi shafa. Kano tana da asibitin ƙashi na Dala, Jami'ar Bayero da ta Maiduguri suna yaye ɗalibai, amma ka fita daga manyan birane ka ga yadda babban asibiti guda ba shi da likitan gashi ko ɗaya. Wanda aka tura irin wannan wuri shi kaɗai ne, mara lafiya ya riga ya zaga wurin mai ɗori kafin ya iso, a bakin kasuwa kuma wani ya sayi fitilar gashi ya buɗe shago yana amsa sunan likita. Taron shekara a otal ɗin wani birni mai nisa bai san da zaman wannan ma'aikacin ba.

Saboda haka ban ce a kwafo majalisar mutum 12 ba, ban kuma ce a fice daga JOHESU ba. Abu uku nake roƙon shugabanninmu, kuma ba wanda ke bukatar sa hannun minista. Kowane asibiti mai sashen gashi ya zaɓi wakili daga cikin ƙanana da matsakaitan ma'aikata, a rubuta a tsarin mulki cewa shugaban sashe ba zai riƙe wannan kujera ba, a koya wa wakilin dokokin aikin gwamnati ko da ta Zoom ne. Kafin wakilanmu su je zaman da za a yanke tafiya yajin aiki ko janyewa, a tambayi kowa ta waya, a faɗi adadin da ya ce e da wanda ya ce a'a. Sannan kowane reshe ya riƙa fitar da lissafin kuɗin da aka tara da inda suka tafi, a tura wa kowa, ba a karanto shi a gurguje a ƙarshen taro lokacin da rabin mutane sun fita sallar la'asar ba. Horar da wakilan kuwa, mu da ke waje muna da mutanen da suka yi wannan aiki a nan, kuma za su koyar kyauta idan reshen jiha ya nema.