A faɗa mana kuɗin fito tun kafin mu danna oda

Ranar Talata ƙanwata ta kira ni daga Daura, muryarta na rawa. Jakunkunan mata da takalma ta yi oda daga Sin, da kuɗin adashin da ta kwasa bayan wata takwas tana zubi. Kaya sun sauka Legas, sai kamfanin da ya yi mata dakon ya turo saƙo: ba za su sako su ba sai ta biya kuɗin kwastam. Ta ce, "Yaya, wai nawa doka ta ce a biya?" Na kira su da kaina, na ce su turo takardar da ta nuna yadda aka yi lissafin. Suka ce ko ta biya yau, ko kuɗin ajiya ya fara hawa gobe. Ta biya. Har yanzu ba mu ga rasit ba.

Ni ba na cikin masu cewa a soke kuɗin fito. Duk wanda ya tashi kusa da Kwangwalam ko Jibiya ya san kaya ba sa tsallake iyaka haka kawai, kuma maɗinkin takalmi na gida yana da haƙƙin a kare kasuwarsa. Abin da ke ci mini rai shi ne duhun da aka bar ƙaramin ɗan kasuwa a ciki.

Ga yadda lissafin yake, don da yawanmu ba a taɓa zaunar da mu an faɗa mana ba. Ba a kan kuɗin kayan kaɗai ake yanke haraji ba, ana haɗawa da kuɗin dako da na inshora. Kaya kuma rukuni-rukuni ne a tsarin ECOWAS: akwai wanda ba a biyan komai, akwai kashi 5, 10, 20, har 35 cikin ɗari. Sannan VAT, wato harajin sayen kaya, na kashi 7.5 ya hau bisa jimillar, har da shi harajin da aka riga aka ɗora. A ce kayanki na dala 400 ne, dako dala 100, rukuninsu kashi 20. Fito dala 100 ke nan, VAT wajen dala 45, ban da ƙananan caji. Da farashin dala na hukuma ake mayar da shi naira, wanda kafin Yunin 2023 bai kai 500 ba, a 2024 kuwa ya haura 1,500. Ina ribar take ga wadda ta riga ta sa farashi a WhatsApp, har wasu sun ba da kafin alƙalami?

A Satumbar 2025 Hukumar Kwastam ta yafe haraji a kan kayan da ba su wuce dala 300 ba, sau huɗu a shekara. Wannan mataki ne mai kyau, na yaba. Amma ka shiga babbar kasuwar Katsina ka tambayi masu oda a AliExpress da Temu, mutum nawa suka ji labarin? Wanda bai san an yafe masa ba, ai biya zai yi duk abin da aka yanka masa. Sau huɗun ma ya yi kaɗan ga mai ƙaramin jari, wadda sai ta sayar da na hannu take sake yin oda.

Roƙona ga hukuma: a sanar da wannan da Hausa a gidajen rediyo, a kuma wajabta wa duk kamfanin dako ya ba da takarda mai rarrabe kuɗin gwamnati da nasa ladan.

Jiya na je Daura. Jakunkunan na jere a kan gadonta cikin ledojinsu, tana riƙe da biro, tana goge tsohon farashi a littafinta. Mutum uku sun riga sun ce a maido musu da kuɗinsu.