Windows ta sata ko Linux: zaɓin da ke gaban Damagaram

A Turai ana gardama ne tsakanin manhajar da ake saye, kamar Windows, da wadda aka buɗe tushenta ga kowa, kamar Linux. A Damagaram kuwa, duk wanda ya taɓa kai kwamfuta wurin mai gyara ya san cewa Windows ɗin da ake zuba masa a kan ƴan jakkuna yawanci ba ta da lasisi. Saboda haka hujjar araha, wadda masoya Linux suka fi ɗagawa, ba ta da nauyi a nan, domin wanda bai saba biya ba, kyauta ba ta burge shi.

Abin da ya sauya lissafi shi ne ranar 14 ga Oktoba 2025, lokacin da Microsoft ya kawo ƙarshen kula da Windows 10, alhali Windows 11 tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 da inji na baya-bayan nan, waɗanda da yawa daga kwamfutocin gwanjon da ke cikin ma'aikatunmu da makarantunmu ba su da su. Injin lafiyarsa lau, amma an bar ƙofarsa a buɗe ga masu kutse, kuma a cikinsa ake ajiye sunayen ɗalibai da takardun albashi.

Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, tana tafiya a kan irin waɗannan tsofaffin injuna, kuma lasisinta na GPL ya halatta wa kowa ya duba rubutunta, ya gyara, ya raba. Ba baƙuwa ba ce ma, tunda a kanta aka gina Android ɗin da ke aljihunmu. Tun da Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, wannan izini ya ƙara daraja a idona, domin ɗalibin jami'ar André Salifou ta Damagaram yana iya zama ya mayar da LibreOffice, manhajar aikin ofis wadda ita ma aka buɗe tushenta ga kowa, zuwa Hausa ba tare da ya roƙi wani kamfanin Amurka ba.

Sai dai ba a sauya jirgi a tsakiyar kogi da gaggawa. Birnin Munich na Jamus ya koma Linux, sannan majalisarsa ta yanke shawarar komawa Windows a 2017, duk da kuɗinsa da ƙwararrunsa. Sakataren da takardarsa ta Word ta hargitse, ko injin buga takardarsa ya ƙi aiki, gobe zai koma wa ta sata. Shi ya sa nake ganin masu gyara na unguwannin Zango da Birni ya kamata a fara horarwa kafin a taɓa kwamfutar kowace ma'aikata, tunda abin da suka iya zubawa shi gari ke amfani da shi.