Kafin a shafa wa tsohon gidan silima fenti

A garuruwan da aka yi cinikin gyaɗa da auduga, ba wuya ka tarar da tsohon gidan silima a yashe, ya koma sito ko makwancin awaki. Ina tare da matasan da ke son farfaɗo da irin waɗannan gidaje don wasan kwaikwayo, muhawarar ɗalibai da musabaƙa. Inda muka raba gari shi ne a fara da fenti da allon suna.

Takarda ce farko. Galibi gidajen na gado ne. In babu yarjejeniyar haya a rubuce, ta shekara 10 aƙalla, da sa hannun dukkan magada da shaidar hakimi, to ranar da gini ya yi kyau ranar wani zai tuna da rabonsa.

Sai ruwa, don shi ke kashe gini. A zagaya bayan an ɗauke ruwan sama, a ga inda yake kwanciya. Farin gishirin da ke fitowa a gindin bango alama ce ta danshi na hawa daga ƙasa. A haƙa magudana, a gyara indararo, a bar bangon ya sha iska kafin filasta, in ba haka ba damina ɗaya za ta ɓamɓare ta. Tsaga kuwa, a ɗan liƙa mata siminti, a rubuta kwanan wata. Ta sake buɗewa bayan damina? Matsalar a harsashi take, aikin injiniya ne, ba na birkila ba. Katakon rufi a soka masa sukundireba. Ya nutse, gara ta gama da shi. Rufin asbesto kada a fasa shi a bushe, ƙurarsa na lahanta huhu: a jiƙa, a sauke shi ɗungurungum.

Maganar ƙofa ba ta wasa ba ce. Gobarar silimar El Duniya a Kano a 1951 ta ci mutum 331. Ƙofofi su riƙa buɗewa waje, aƙalla biyu a ɓangarori daban-daban, ba kwaɗo muddin da mutane a ciki, hanyar tsakanin kujeru kuma kada ta gaza mita 1.2. Tsohuwar wayar lantarki a cire ta baki ɗaya, ban da faci.

Dandamalin silima siriri ne, majigi aka yi wa shi. 'Yan wasa na buƙatar zurfin kamar mita 6, da ɗakin sauya kaya, na mata daban. Bangon siminti tsirara yana mayar da amo har magana ta cuɗe. Labule mai kauri a bangon baya ya fi ƙarin lasifika amfani.

Kuma kada mu yaudari kanmu, dattawa da dama har yanzu kallon matattarar 'yan iska suke yi wa silima. A shigar da liman da shugabar mata cikin kwamiti tun kafin a sayi buhun siminti ɗaya, a tashi taro kafin isha'i. Albashin maigadi, shara da canjin batirin sola su fito daga hayar walima da taron ƙungiyoyi, a rubuta farashi a manna a ƙofa.