An Canja Mudu, Mai Awo Na Nan

Tunda ƙanen nan nawa ya ga dama ya ce a gaban mutane, a shagon cajin waya, wai ni ban san komai ba sai kokawa, to ga amsarsa. Wai tun da aka sauya tsarin alƙalanci a wasan zamiya kan ƙanƙara maguɗi ya ƙare, "ai yanzu lissafi ne, Yaya". Lissafin wa?

Na yarda tsohon tsarin, mai maki shida, ya yi abin kunya. A gasar Olamfik ta 2002 a Amurka alƙalai biyar suka ba 'yan Rasha, huɗu suka ba 'yan Kanada, sai matar Faransa da ke cikinsu ta ce matsa mata aka yi. Don a kashe wutar aka ba ɓangarorin biyu zinare. A 2004 aka kawo sabon tsari: kowane tsalle da kowace juyawa da farashinsu, alƙali ya ƙara ko ya rage, a zubar da maki mafi yawa da mafi ƙanƙanta. Madalla. Amma kun san me suka haɗa da shi? Ɓoye wanda ya ba da wane maki! An kama mai awo da tauye mudu, sai aka ba shi sabon mudu, aka kuma sa masa labule. Sai 2016 suka ɗage labulen.

Duk mai cin kasuwar Gujungu ya san mudu ba ya cuta, hannun da ke shafe bakinsa ne. A gasar Olamfik ta 2014 a Sochi ta ƙasar Rasha, Sotnikova 'yar Rasha ta yi tuntuɓe wajen sauka daga tsalle, Yuna Kim 'yar Koriya ta Kudu ta gama tsaf, aka ba 'yar gida zinare. Za ku ce tsallen 'yar gidan sun fi yawa. Naji. Matar babban jami'in hukumar wasan ta Rasha fa, da ke zaune cikin alƙalan? Ita ma kwamfuta ce?

Tsakani da Allah abin na min ciwo. Yarinya ta tashi tun tana ƙarama tana faɗuwa kan ƙanƙara, rabonta kuma na hannun mai danna maɓalli. Da, in alƙali ya ɗaga 5.7 kowa ya san fuskar da zai yi wa ihu. Yanzu lambobi ne ɗari biyu da ɗigo kaza, wa zai tsaya ya bi?

Su ma da suke da ƙanƙarar takawa. Mu nan mai ƙanƙara bai leƙo garin ba kwana uku, ruwan randa kamar an dafa.