Kuɗin da Ka Riga Ka Biya

Akwai wata magana da ke damuna a bakin 'yan'uwana ɗalibai: "Tunda na riga na biya, dole in ci gaba, kar kuɗina su tafi a banza." Ana fahimtar dalilin, kuɗi ba a ƙasa ake tsintarsu ba. Sai dai kuɗin da ka biya sun riga sun tafi, ka je ko kar ka je. Lokacinka ne ya rage a hannunka.

A ce ka biya kuɗin darasin yamma na lissafi, sai ka tarar malamin littafi kawai yake karantowa. In ka nace da zuwa, kullum kana ƙara asarar kuɗin mota da awa biyun da za ka yi bitar tsofaffin tambayoyin jarrabawa da abokan ajinka.