Myanmar: Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Akwai hoton da har yau bai fita daga raina ba. Wata yarinya ce 'yar shekara 19, sunanta Kyal Sin, tana durƙushe a kan titi a wurin zanga-zangar adawa da juyin mulkin soja a birnin Mandalay na ƙasar Myanmar ranar 3 ga Maris 2021, sanye da baƙar riga da aka rubuta wa "komai zai daidaita" a ƙirji. Ba a jima da ɗaukar hoton ba aka harbe ta a ka. Kafin ta fito, ta riga ta rubuta rukunin jininta a Facebook, ta ce idan ta mutu a ba mabuƙata sassan jikinta. Wata huɗu kafin nan ta kaɗa ƙuri'arta ta farko a rayuwa, kuma ƙuri'ar nan ta fito nema a mayar mata.

Jam'iyyar NLD, wadda Aung San Suu Kyi ke jagoranta, ita ce ta lashe zaɓen Nuwamba 2020 da gagarumin rinjaye. Ranar 1 ga Fabrairu 2021, da asubar ranar da sabuwar majalisa za ta fara zama, babban hafsan sojojin ƙasar, Janar Min Aung Hlaing, ya kama Aung San Suu Kyi da Shugaba Win Myint, ya ƙwace mulki. Alhali kundin tsarin mulkin 2008 ya riga ya ware wa sojoji kashi 25 cikin ɗari na kujerun majalisa ba tare da zaɓe ba, har da ma'aikatun tsaro da cikin gida da kan iyaka. Duk da haka bai ishe su ba.

Mu da muka taso muna jin kiɗan soja a rediyo da sassafe, halin janar-janar ba baƙonmu ba ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne maƙwabta. Ranar 27 ga Maris 2021 an kashe mutum fiye da 100 a faɗin ƙasar, kuma a wannan ranar ce sojoji suka yi faretinsu na shekara a Naypyidaw, babban birnin ƙasar. Cikin waɗanda suka tura wakilai akwai Rasha da Chaina da Indiya.

Ita Chaina ba ta taɓa ɓoye lissafinta ba. Tana da bututun mai da na gas da suka taso daga Kyaukphyu a gaɓar tekun jihar Rakhine suka shiga lardin Yunnan, don kada dukkan man da take saye ya riƙa bi ta mashigin Malaka, inda jiragen yaƙin Amurka za su iya tare hanya ranar da aka yi rikici. Duk wanda zai gadin bututun nan, abokinta ne. Shi ya sa da 'yan tawaye suka ƙwace garin Lashio a 2024, ita ce ta matsa musu lamba har suka mayar wa sojoji shi a Afrilu 2025.

Indiya ce ta ba ni kunya, domin ita ce kullum take bugun ƙirji cewa babu dimokuraɗiyyar da ta kai tata girma a duniya. Na san tana da dalilanta, kuma ba ƙanana ba ne. Iyakarta da Myanmar ta wuce kilomita 1,600, tana da 'yan aware a jihohi irin su Manifur da Nagaland da ke ɓuya a ɗaya ɓangaren, ta kuma zuba kuɗi a tashar jiragen ruwa ta Sittwe da ke jihar Rakhine. Uwa uba, tana tsoron idan ta juya baya, Chaina za ta haɗiye ƙasar gaba ɗaya. To amma tsoron nan ne ya sa a Disamba 2022, lokacin da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi a daina zubar da jini a kuma saki fursunonin siyasa, ƙasashe uku suka ƙaurace wa ƙuri'ar: Chaina, Rasha da Indiya. Chaina da Indiya, ƙasashe biyu da sojojinsu suka kashe juna da sanduna da duwatsu a kwarin Galwan a 2020, ga su a sahu ɗaya a kan jinin talakan Myanmar.

Ƙungiyar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, wato ASEAN, kuwa ta fitar da matsaya mai sharuɗɗa biyar a Jakarta a Afrilu 2021, janar ɗin ya koma gida ya yi fatali da ita.

Na san wasu za su ce mini: kai kuma me ya haɗa ka da su, ba mutanen nan ne suka yi shiru aka kori Musulmin Rohingya fiye da 700,000 zuwa Bangaladash a 2017 ba? Ba Suu Kyi ce da kanta ta je kotun duniya a Hague a Disamba 2019 ta kare sojoji a ƙarar da Gambiya ta shigar ba? Haka ne, kuma wallahi ban yafe mata wannan ba. Amma a tuna su wa suka ƙona ƙauyukan Rohingya a jihar Rakhine. Rundunar nan ce, a ƙarƙashin wannan janar ɗin. Hannun da ya kori Rohingya shi ne ya harbi Kyal Sin, shi ne ya jefa bam a kan taron ƙauyen Pazigyi a Afrilu 2023 ya hallaka mutum fiye da 160, har da yara ƙanana. Sai da wutar ta iso ƙofarsu sannan wasu matasan Yangon, birni mafi girma a ƙasar, suka ɗaga kwalaye suna neman gafarar Rohingya. Sun makara ƙwarai, amma na karɓa, don ban ji ko kalma ɗaya irin wannan daga bakin wani janar ba.

Abin da sojojin suka yi wa Rohingya daga baya ma ya isa shaida. Dokar 1982 ta hana su zama 'yan ƙasa, amma da yaƙi ya yi zafi a 2024, sai ga jami'ai suna bin sansanonin Sittwe suna ɗibar samarinsu da ƙarfi, a ba su horon 'yan makonni, a tura su bakin daga su kare gwamnatin da ta hana su katin ɗan ƙasa.